Tashi-Zauna Sau Biyar

Lafiya, Jihar Nasarawa.

Zuwa ga ɗana Abdurra'uf, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara maka lafiyar da kake ta lallaɓawa a can nesa da mu. Mahaifiyarka tana fama da hawan jininta, amma tana ci tana sha. Ƙanwarka Nana Hadiza ta zo daga Obi da doya, ta kwana biyu, yau ta koma. Na zaɓi in rubuta maka da hannu ne domin na lura wayarka tana da ladabi: duk lokacin da magana ta zo inda ba ka so, sai ta yanke.

Ka san wata uku ke nan da na faɗi a banɗaki. Abin da ba ka taɓa ambata ba shi ne a kan me na faɗi. Shekara talatin ina wanka a kan siminti ban zame ba, sai da ka turo aka shimfiɗa tayil mai santsi domin abokanka su ga gidan ubanka a hoto. Na kwanta a jiƙe, mahaifiyarka tana jan hannuna ta kasa, har sai da aka kira maƙwabta suka ɗauke ni kamar buhun gero. Kai kuma ka aiko da sanda mai ƙafa huɗu, da hukunci. Nana Hadiza ta faɗa mini, tana kallon ƙasa, wai ka ce in har zuwa Babbar Sallah ban iya tashi daga kujera sau biyar ba tare da na dafa komai ba, za a kwashe ni zuwa gidan mijinta, a rufe nawa. Ni da na yi hedimasta shekara ashirin da biyu, ni za a ajiye a ɗakin suruki kamar tsohuwar katifa.

Sai ga mai gashin ƙashin da ka ɗauko daga asibiti, Francisca. Ban gane ta ba, ita ta gane ni. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ko Malam ya tuna wata yarinya 'yar ƙabilar Tibi a aji huɗu, a firamaren da ya riƙe a wajen Adogi, wadda ya sa ta kama kunne ta yi tashi-zauna hamsin don ta yi yarensu a cikin aji. Na ce ban tuna ba. Ta ce ba komai, cinyoyinta sun tuna. Daga nan ta jingina kujerar katako da bango, ta ce in rungume hannuwana a ƙirji in tashi. Abdurra'uf, ban tashi ba. Na yunƙura sau uku ina nishi, mahaifiyarka ta juya fuska. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Amma yarinyar ta san aikinta, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta ce tsoron faɗuwa ne ke zaunar da tsoho, zaman ya cinye naman cinya, sannan cinyar ta kayar da shi. Ta ce sandarka ba laifi, amma wanda ya rataye a kanta tun bai buƙace ta ba, ƙafarsa za ta yi murabus. Ta fara da kujera mai tsayi da matashi biyu, tana cire ɗaya bayan mako. Ta sa ni tsayuwa da ƙafa ɗaya ina riƙe da tebur, da ɗaga dunduniya, da tafiya a kan layin da ta ja da alli a tsakar gida, yatsu na taɓa dunduniya. Ta ɗinka jakar yashi tana ɗaura mini a idon sawu. Ta sa aka kafa ƙarfen riƙo a banɗaki, aka shimfiɗa tabarmar roba a kan tayil ɗinka. Kuma duk ƙirgan da take mini, da yaren Tibi take yi, da ƙarfi, tana murmushi. Na haɗiye. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sau uku a mako take zuwa, ko ana ruwa. Yarinyar da na wulaƙanta ta fi sanin nauyin jikina fiye da yaron da na goya a kafaɗa na kai shi makaranta.

Jiya Alhamis, a gaban Nana Hadiza da mahaifiyarka, hannuwana a ƙirji, na tashi sau biyar. Francisca ta ce ya isa, na ƙara biyu don kaina. Saboda haka gidana zai zauna a buɗe, ni ma a ciki. Tsoho mai shekara saba'in da huɗu ya tashi sau bakwai a cikin minti guda, kai kuwa shekara huɗu ke nan ba ka tashi sau ɗaya ka zo ka dube shi ba. Ka tambayi likitocin Fatakwal wane nama ne ya mutu a jikinka, ko akwai jakar yashin da ke tayar da shi.

Sandar na ba direban motar Fatakwal, za ta iso maka ranar Litinin. Kada ka yar. Ɗanka Mika'ilu yana kallon yadda ake yi da uba, kuma yaro ne mai saurin koyo, ya gado ni. Ranar da ka zame, ba sai ya wahala wajen sayen sabuwa ba.

Ka gaishe da matarka Bilqis, da Mika'ilu, da ƙaramar Yusra wadda ban taɓa gani ba sai a waya. Mahaifiyarka ta ce in gaishe ka, na gaishe ka. Har yanzu tana share ɗakinka duk Juma'a, na daina hana ta, motsa jiki ne.

Allah ya shirya. Wassalam.

Mahaifinka, wanda ke tsaye,
Malam Ashemi.