Ranar da Kika Dubi Idona

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ɗanki ne na fari, wanda bai taɓa jin sunansa a bakinki ba. Yau jikata ta sa mini zare a allura, sai kika faɗo mini a rai.

Kin riƙe kunyar ɗan fari kamar ajiya aka ba ki. Ko bayan na zama tela, in tuwo za ki ba ni, sai ki dire kwano a bakin ƙofa ki ce wa ƙanwata Ladi, "A gaya wa mai keken nan abinci na hucewa," alhali ga ni zaune kusa da ke. Abin yana ci mini rai tun ina yaro, ban dai taɓa faɗa ba.

Kin tuna shekarar da na sayo keken ɗinki a Funtuwa, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai? An gama kakar auduga, kowa a ƙauyenmu ya yanko yadi ya jibge mini. A daidai lokacin ne cikina ya ɓaci, ga murɗa ga zawo, ban isa in gama hannun riga ba sai na ruga bayan gida.

Likita a Malumfashi ya rubuta mini magani. Malamin asibiti ya miƙo wata 'yar kwalba, ya ce ɗigo goma a ruwa, sau uku a yini, har ya maimaita. Ni kuwa da na tashi ina shan jiƙo da ludayi, sai na ga ɗigo goma ai raini ne ga ƙato irina. Na riƙa tsiyaya rabin murfi ina kurɓewa.

Zawo ya tsaya cak, na yi ta yaba wa dabarata. Kwana biyu sai bakina ya bushe, loma ta ƙi wucewa. Jikina zafi rau, amma ko ɗigon gumi babu, ƙirjina na dukan uku-uku. Sannan kafar allura ta ɓace mini. Ina hango kukar bakin gona sarai, amma yadin da ke hannuna dishi-dishi. Na ɗauka ciwon ne ya hau ido, saboda haka na ƙara maganin. Inna, na tsorata ƙwarai. Tela makaho, me zai ci?

Baba ya ce sammu ne, wani ne ke baƙin cikin keken. Ya shirya kai ni Matazu wajen wani mai magani da ke matsa ruwan saiwa a ido.

Da hantsin ranar da za mu tafi, ina zaune a zaure na rufe fuska da rawani don haske na soka mini ido, sai na ji an yaye rawanin. Hannunki ne, da ƙamshin daddawa. Kika kama haɓata kika juya ni wajen ƙofa, kika daɗe kina duban cikin idona. Sannan kika ce wa Ladi, "Wannan idon zaƙami ne. A kawo mini kwalbar nan."

Ashe ƙanenki ya taɓa cin 'ya'yan zaƙami kuna yara, kin ga yadda baƙin idonsa ya buɗe ya cika, bakinsa ya bushe. Ba ki manta ba.

Ba ki taɓa musu da Baba ba, amma ran nan kika ce a ba ki kwana uku. Kika ƙulle kwalbar a bakin zane kika taka har Malumfashi. Malamin asibiti ya ga inda maganin ya sauka a kwalbar, ya riƙe baki. Ya ce ganyen da ake yin maganin da shi ɗan'uwan zaƙami ne, kaɗan magani, da yawa guba. Ya ce in daina, in zauna a inuwa, a kawo ni washegari a duba, kuma kada kowa ya zuba mini komai a ido.

Rana ta huɗu zare ya shiga allura. Na yi ihu har kaji suka watse. Ke kuwa kika ci gaba da tankaɗe kamar ba ki ji ba, sai dai Ladi ta ce ta ga kina sake tankaɗe garin da kika riga kika tankaɗe.

Da idon nan na ɗinka kayan auren Ladi, da shi na ciyar da gidana, da shi na yanka likafaninki. Na gode, Inna. Haushin nan da na riƙe tun ina yaro, a zauren nan na ajiye shi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Sau ɗaya tak a rayuwa kika matso kika dube ni ido cikin ido, ni kuma ran nan ba na ganin abin da ke kusa. Har yau ban san yadda fuskarki take ba in tana kallona.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya haɗa mu a inda za ki sake dubana, in gan ki da kyau. Amin.

Ɗanki,
Mai keken nan.