Allurai Sun Ƙwace Mini Baba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya maigida da yara? Mu nan Kore Mairuwa lafiya lau.

Ciwon bayan Baba ya sake shi. Shekaru ina yi masa ƙaho da hannuna, sai wani likita a Dogon Dutsi ya riƙa tsira masa siraran allurai irin na Sinawa, ya miƙe. Na yi murna, wallahi. Amma ranar kasuwa, a gaban rumfata ta wanzanci, Baba yake ce wa mutane, "Yaron nan shi ne mai hannu!" Ko kallona bai yi ba.

Ki roƙa mini Allah ya cire mini ƙyashin nan, don bayana ma ya fara ciwo, kuma na ƙi zuwa.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Isufu