Na Riƙe Maka Sunanka, Dogo

Zuwa ga abokina Dogo, a ƙasar Jamus.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, daga Tanout nake rubuto maka. 'Yarka ta kira ni a waya. Ta ce mantuwa ta cinye ka, har ita kanta ba ka ganewa. Na tambaye ta ko kana ambatona. Ta sauya magana.

Bari in tuna maka. Ɗaki ɗaya muka zauna a jami'a, lokacin da gwamnati ta tura ni karatu ƙasarku. Ilimin zamantakewa muka je koyo, amma kai sai ka juya kana bin tarihin malaman fannin su kansu, waɗanda aka kora zamanin mulkin zalunci, aka ƙona littattafansu, suka mutu a ƙasashen mutane. Kana bin tsofaffin matansu gida-gida, kana tambayar me mazan suka rubuta.

Fari ya kashe shanun babana, na dawo ban gama ba, na kama alli a lakwal, makarantar boko. Kai ka zama farfesa.

Da ka ziyarce mu, Inna ce ta raɗa maka Dogo, don sunanka ya ƙi zama a bakinta. Na faɗa mata aikinka, sai ta ce, "Ashe maroƙi ne, mai yi wa matattu kirari. Wa ke ba shi tukuici?" Ka yi dariya har fura ta sarƙe ka.

Inna ta tafi. Matata ta bi ta. 'Ya'yana suna arewa neman abinci. A garin nan babu wanda ya san na taɓa jin Jamusanci. A wurinsu ni tsohon Mushe ne kawai, malamin lakwal mai dogara sanda. Kai kaɗai ka san ni da baƙin gashi, kuma na daɗe ina kwantar da raina cewa mutumin da bai bar baƙi sun ɓace ba, ba zai bar ni ba.

Ba na ganin laifinka, ɗan'uwa. Kullum bayan la'asar nakan faɗi sunanka na yanka, da Dogon Inna, da 'yan sunayen malamanka da suka rage mini. Ga tukuicin nan, ko da ya makara.

Allah ya sassauta maka, ya saka wa 'yarka. Allah ya sa in na tafi a samu mai karɓar sunayen nan.

Abokin ɗakinka,
Isufu. Isufu na Tanout, mai jin sanyi.