Modu Kaɗai Ke Ce Mini Bawa

Daren Talata, Pantai Dalam

Yau na ɓata wa Faiz rai a mamak, shagon abincin da muke zuwa, kuma ko a jikina. Muna cin roti da shi sai ga Modu, ya ce mini, "Bawana, matsa in zauna." Na ce, "Kai Babarbare, yaushe na 'yanta ka?" Muka kwashe da dariya. Faiz, Bamalayen lab ɗinmu, ya tambayi ma'anar, Modu ya fassara masa. Kawai sai Faiz ya dafa kafaɗata yana kirana "my slave" a bainar jama'a.

Na ture hannunsa. Ya ce wai ba a yi adalci ba, don me Modu boleh, wato an yarje masa, shi kuwa a'a?

E, haka ne, kuma haka za a zauna. Wasan Fulani da Barebari gadonsa muka yi, kuma ina ramawa. Ranar da matata ta yi ɓari, Modu ne ya kwana a bencin asibiti. Faiz fa? Da mai gidan haya ya ce ba ya ba baƙar fata ɗaki, yana tsaye a gefena yana danna waya.

Tunda ya iya shiru ranar nan, yau ma ya yi shirun.