Wa Ya Taɓa Mini Kasko?

Inkil, Bauchi
Maris, 2024

Ƙawata Amaka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da 'yata Lilian. Yaya sanyin Turai? Jiya na bi ta kasuwar Muda Lawal na iske mahaifiyarki, Mama Agatha, a shagonta, lafiyarta ƙalau, sai ƙorafin ba kya kiranta. Ta ce in ja miki kunne, to na ja.

Ga samfur na biyu nan cikin kwalin. Tun da kika aiko da sakamakon na farko ban daina murna ba. Farar ƙasar Alkaleri da ɗan ƙarfen nikel, a ce ta juya man da aka gama suyar ƙosai da shi ya zama man inji! Kuma hasken sinkirotonku, wannan babbar na'urar da ke leƙa cikin samfur, ya nuna nikel ɗin yana aiki yadda muka yi shekaru muna nema tare a can. Kin tuna da zan dawo gida jinyar Inna, shugabanmu na can ya ce na binne ilimina? Da wannan sakamakon nake so in nemi lokacin kaina a kan na'urar, da sunan jami'armu, ba a ƙarƙashin kowa ba.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Dakta Mahfuz, wanda muke tarayya a ɗakin gwaji, ya fara yawan tambaya. Wane irin zafi nake ba tanderu? A ina nake samo ƙasar? Mutumin da bincikensa kan jan ƙarfe ne, me ya haɗa shi da katalis ɗina, wannan haɗin da ke juya mai? Kuma ba sau ɗaya ba, ina tarar da ɗan kaskon da nake gasa samfur a ciki ba a inda na ajiye shi ba. Shi ya sa wannan karon na sayi sabo, ina kulle shi a durowata.

Ki gaida kowa.
Taki,
Amatullah

Inkil, Bauchi
Yuni, 2024

Amaka,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Inna na samun sauƙi, tana tambayarki.

Na ga saƙonki. Samfur na biyu bai yi komai ba, na uku ma haka. Ƙasa ɗaya, nikel ɗaya, zafi ɗaya, hannu ɗaya. Ki gaya mini, ta yaya?

Ni dai zuciyata ta tsaya kan Mahfuz. Satin da ya wuce na hango shi a Wunti tare da wani baƙo, suna magana ƙasa-ƙasa a jikin mota. Na bincika, aka ce sunansa Akinwale, daga Legas yake zuwa. Da Mahfuz ya gan ni sai ya kau da kai. Washegari na kai ƙara wurin shugaban sashe, na ce ana taɓa mini kaya. An kira shi a gabana, ya ajiye makullinsa a kan tebur ya fita. Yanzu ni kaɗai ke buɗe ɗakin.

Sauran maganar tana mini nauyi, amma gara in faɗa. In kwalin ya iso wurinku, wa ke buɗe shi? Na ga sanarwar wani taro, ɗalibin shugabanku zai yi magana kan nikel da yumɓu. Ban ce ke ba ce. Tare muka taso, a kwano ɗaya muka ci tuwo a gidanmu. Amma na zauna a can, na san yadda aikin mutum ke sauya suna in yana nesa. Ki faɗa mini gaskiya ko da ba ta da daɗi.

Ni ce,
Amatullah

Inkil, Bauchi
Satumba, 2024

'Yar'uwata Amaka,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Shirun da kika yi mini na ji shi har ƙashi, kuma kin yi daidai. Ki yi haƙuri. Ashe kina can kin sadaukar da lokacinki a kan na'urar, lokacin da ake watanni ana jira, kin sake haska ragowar samfur na farko. Takardar ɗalibin ma na karanta, ba ta kusanci aikina ba.

Jan ƙarfe! Ga alamarsa nan a hoton da kika turo. Ɗan ƙanƙanin da babu na'urar da za ta gan shi a nan, kuma shi ne yake tayar da nikel ɗin. Ni kuwa ban taɓa sa jan ƙarfe a komai ba. Ashe na farkon ne aka taɓa. Sauran da na tsare da makulli, tsarewar ce ta kashe su.

Na sami Mahfuz a ofishinsa. Ya ce nasa kaskon ne ya fashe, ya riƙa aron wanda nake amfani da shi yana gasa gishirin jan ƙarfe a ciki, tun da na sashe ne bai ga abin neman izini ba. Akinwale kuma mai sayar da kayan ɗakin gwaji ne, sabo yake masa oda. Na tambaye shi ina tsohon kaskon. Ya ce ranar da na kai shi ƙara ya wanke shi da asid tas, don kada a ce an ga tabonsa a jikin kayana. Na ba shi haƙuri, na miƙa masa makulli. Ya karɓa, amma bai ce ya yafe ba.

Ya yarda mu yi aikin tare, don shi ya san irin gishirin jan ƙarfen da ya gasa. Sharaɗinsa, in je gaban shugaban sashe in janye maganata. Na je na janye, ana kallona.

Amma Amaka, abu ɗaya ya tsaya mini. Da na ce masa jan ƙarfe ne, bai yi mamaki ba. Ko gira bai ɗaga ba. Murmushi ya yi, ya buɗe durowa ya fito da kwalbar gishirin, kamar dama jirana take. Tun yaushe ya gane? Ya zuba mini ido ina ta wahala wata da watanni? Ko dai halin nawa ne bai sake ni ba? Wallahi ban sani ba.

Samfur na huɗu na hanya, da sunayenmu mu biyu a jikin kwalin. In sakamako ya fito, don Allah ki fara turo mini ni kaɗai.

Ki sumbaci Lilian.
Taki har kullum,
Amatullah