Jif ɗin Baba a Yashin Rafi

Yaya Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da masararka. Tunda gonarka ba sabis, ga takarda ta hannun mai kai maka taki.

Na ji wai za ka sayar da jif ɗin marigayi Baba don ba mai tuƙa ta. To ni fa? Na koyi mota, kullum ina zagaya Ƙofar Doka da ita, akuya ɗaya ban taɓa bugewa ba. Wallahi in aka fitar da motar nan daga gidanmu sai na yi kuka.

Ƙanwarka,
Tayyiba

Tayyiba,

Wa alaikumus salam. Kwalta ai ko makaho ya bi ta. Ki kawo min motar gona ranar Asabar ta hanyar daji. Gajeriya ce, ɗan koyo ma yana bin ta. Daga tsamiya ki sa ƙaramar giyar nan mai sa tayoyi huɗu su ja tare. Wuri ɗaya ne mai wuya, yashin rafi. Kada ki tsaya a ciki, ko wa kika gani. In kin iso, mota taki ce. In kin kafe, dillali na jira.

A gaida mutan gida.
Mika'ilu

Yaya,

Bayan gaisuwa, na kafe.

Kwazazzabai duk na wuce su lafiya lau, har ina waƙa. Ina tsakiyar yashi sai ga wata tsohuwa da ƙwaryar nono a ka, ta tsaya tana kallon motar. Yaya, yaya zan wuce sa'ar Inna ba gaisuwa? Na taka birki. Muna "ya gida, ya shanu", tayoyi na nutsewa. Shanunta ne suka ja ni, na kai ta ruga, kunya ta sa na juyo gida.

Turo dillalinka. Amma raina a ɓace yake.

Tayyiba

Tayyiba,

Tsohuwar nan Adama ce, ta zo har gona jiya. Ta ce tun daga nesa ta gane motar. Wai shekara da shekaru Baba bai taɓa wuce ta ba gaisuwa ba, kuma shanunta sun gaji da jan shi daga yashin nan. Na yi dariya har na yi hawaye.

Na sallami dillali. Riƙe makullin. Asabar ki dawo, amma ki taho da igiya.

Yayanki,
Mika'ilu