Ƙarfe na Bakwai

Litinin, 1 ga Satumba

Takwara ta samu hutun kwana biyar daga asibitinsu. Ta zo da waya tana nuna mini wurin nan da ruwa ke zubowa daga kan dutse, wai can za ta kai ni. Mutanen da ke cikin hoton sun fi ruwan yawa. Na ce, "Da ƙafata ɗaya da rabi zan bi layi don in ga ruwa yana faɗuwa? Je ki buɗe famfo, ga kujera."

Ta yi dariya, ta kife wayar. Sai ta ce, "To Kaka, mu je gadarku."

Baki shi ke yanka wuya.

Laraba, 3 ga Satumba

Bari in rubuta gaskiya, tunda takarda ba ta da bakin kai tsegumi.

Mai Fenti, maigidana, Allah ya jiƙansa, fentin gadoji ne aikinsa. Ya ce mini akwai wata 'yar gada a bayan duwatsu, an sa shi ya shafa wa ƙarafunan gefenta fari da baƙi, shi kuma ya shafa wa na bakwai shuɗi, saboda shuɗin mayafi na yafa ranar da ya fara ganina. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sauran ni na ƙara wa jikoki: wai ya kai ni, mun tsoma ƙafa a ruwa, kifi kamar cinyar ƙato, har da kada mai gaishe mu da safe.

Ban taɓa zuwa ba. Shekara talatin da ɗaya yana cewa "bayan damina," har damina ta ƙarshe ta wuce da shi.

Sauran jikokin sun girma sun gane halina. Takwara ce kaɗai har gobe take cewa, "Kakata ba ta yi mini ƙarya, sai dai ta yi ado." Har marasa lafiyarta take ba labarin ƙarfen.

Kuma in muka je babu ƙarfen fa? Ni na yi wa yara ƙarya, shi ya yi mini. Wannan na biyun ne ban so in sani ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na ce gwiwa ta tashi. Na manta cewa ma'aikaciyar jinya na goya. Ta lanƙwasa ta, ta miƙar da ita, ta ce gwiwar ta fi tata lafiya. Ubanta ma, maimakon ya taimaki uwarsa, sai ya miƙa mata makullin mota. Sunan ƙauyen kuwa a cikin gwangwanin takardun kakanta ta samo, a jikin tsohon katin aiki.

Asabar, 6 ga Satumba

Mun wuce mararrabar wurin ruwan nan nasu. Motoci jere kamar ana rabon gado, masu talla na bin tagogi. Mu muka karya hagu. Daga nan sai mu sai awaki.

Kowace kwana sai ta ce, "Kaka, kin gane nan?" Ni kuma in ce, "An canza itatuwan."

Mun sauka a gidan wata malamar makaranta da ke ba da ɗaki. Gadon ƙarfe, bokiti, taga mai kallon gona. Shiru har kana jin kaza tana tunani. Malamar ta ce baƙi iri biyu suke gani a garin, masu allurar rigakafi da waɗanda suka ɓata hanya. Ta tambaya mu wane iri ne. Na ce ba mu tantance ba tukuna.

Na ɗauko shuɗin mayafi. Ba wancan ba, wancan ya mutu tun a goyon ubanta. Ban san me ya sa na sa shi a jaka ba.

Lahadi, 7 ga Satumba

Da hantsi muka taka. Gadar taku ashirin ce, in an yi mata kara. Ruwan ko idon sawu bai rufe ba. Mata na wanki a ƙasa, sun shanya kaya a kan ƙarafunan ɗaya gefen.

Takwara ta leƙa ƙasa ta ce, "Ina kadan?"

"Ya yi ritaya."

Ta yi dariya, ta fara ƙirga na gefenmu da yatsa. Ɗaya, biyu. Ni ina bayanta ina ƙirgawa a zuci. Na bakwai fari ne fat. Ta koma ɗaya bakin ta ƙirgo daga can. Baƙi.

Gwiwar da na yi wa ƙarya sai ta tashi da gaske. Na zauna a kan dutsen bakin gada. Na ce, "Takwara, zo. Ban taɓa zuwa nan ba. Yau ne farko."

Ta daɗe tana kallona. Da ma faɗa ta yi.

"Har tsoma ƙafar?"

"Har ita."

"Me ya sa, Kaka?"

Na ce, tun yana raye nake jira ya kai ni, da na gaji sai na riƙa kai kaina da baki. Ta juya ta jingina da ɗaya gefen, kusa da shanyar, ta ba ni baya. Na san wannan bayan, irin na kakanta ne in ya yi fushi.

Sai ga wata mai wanki ta hau ɗebe kayanta. Ta ce, "'Yan mata, ku ɗan matsa." Ta janye wani bargo.

Shuɗi. Ba ma tsohon shuɗi ba, sabo, yana ƙyalli.

Takwara ta ƙirga sau biyu. Bakwai. Ni ban ƙirga ba, idona ya ƙi.

Mai wankin ta ga muna shafa ƙarfe kamar mahaukata, ta kira mana wani dattijo, ma'aikacin hanya, wai shi ke sabunta fentin duk shekara biyu. Takwara ta tambaye shi me ya sa wannan ya fita daban. Ya ce, "Haka muka gada, 'yata. Wanda ya fara shafa shi daga birni aka turo shi, kin ga kuwa ba zai yi a banza ba. Wasu sun ce alamar injiniyoyi ce. Mu dai ba ma taɓa doka. Shuɗin ma sai an aika birni ake samo shi, don wannan ƙarfe ɗaya."

Shekara arba'in da wani abu suna aikawa birni saboda mayafina.

Takwara ta toshe baki, kafaɗunta na rawa, ban san dariya ba ce ko ɗayan. Ta buɗe baki za ta gaya masa, na taka mata ƙafa. Na gyara mayafi na ce, "Malam, doka ce babba. Na san wanda ya kafa ta. Kada ku kuskura ku canza."

Ya ce in sha Allahu ba a zamaninsa ba.

Da ya tafi, ta cire mini takalmi da hannunta, ta riƙe ni muka gangara. Ruwan sanyi ƙarara. Ta ce, "To, kin tsoma. Saura kifi da kada, waɗannan ke da Allah."

Litinin, 8 ga Satumba

Hanyar dawowa. Ta ce daga yau duk labarin da na bayar sai ta nemi shaida. Na ce to ta tanadi man mota.

Ashe da gaske kake, Mai Fenti. Da ka kai ni da kanka me zai ci ka?

Juma'a, 12 ga Satumba

Ƙananan jikoki sun zo, sun ce a ba su labarin gada. Na ba su yadda ya faru, taku ashirin, bargo, dattijo. Suka ce ina kadan, wai wannan bai kai na da daɗi ba. Na ce wanda bai so ya je ya nemi wata kakar.

Jakar tana nan bayan ƙofa, ban kwance ta ba. Kasala ce kawai.

Na buɗe gwangwanin Mai Fenti don in mayar da katin, sai na ga wasu katunan guda huɗu, gadoji huɗu, garuruwan da ko sunansu ban taɓa ji ba. Ba cewa na yi zan je ba. Na dai tambayi Takwara yaushe ne hutunta na gaba, don yarinyar tana wahala a wurin aikin nan.

Na tuna ranar da ya fara zuwa gidanmu kore na yafa.